Kashe Mota Daga Nesa: A Hannun Wa Makullin Zai Zauna?

Laccar da aka gabatar a 'Yankwashi, a gaban direbobi, jami'an tsaro, masu sarauta da ɗalibai

 

Ranka ya daɗe shugaban taro. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Jami'an tsaro, shugabannin ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa, iyaye mata, da ƙannena ɗalibai da suka taso daga Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi bayani a kan fasahar da ke ba jami'in tsaro damar tsayar da motar da ta ƙi tsayawa, ba tare da ya bi ta da gudu ba. Zan faɗi inda na tsaya tun yanzu, domin wanda bai yarda ba ya tanadi tambayarsa. Ina goyon bayan duk abin da zai rage tseren mota tsakanin jami'ai da masu laifi a kan titunanmu. Amma ina adawa da a haɗa makullin motocin jama'a a damƙa wa wata hukuma guda. Makullin ya zauna a hannun mai mota, hukuma kuma ta nemi izini, a rubuta wanda ya nema da dalilinsa.

Mu fara da ƙasarmu. Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta ya shigo Kazaure shi ne ya wuce Daura, ya dangana da Kwangwalam a bakin iyakar Nijar. Ta ɗaya ɓangaren, hanyar Ɓaɓura ta miƙe zuwa Babban Mutum, daga nan sai Magarya da Damagaram. Wanda ya saci mota a Kano yana neman iyaka, ta gabanmu zai wuce. Wanda ya ɗauko shinkafa ko man fetur ta ɓarauniyar hanya, shi ma ta gabanmu zai wuce. Kuma titunanmu ba su kewaye gari ba, tsakiyarsa suka ratsa. A bakinsu mai shayi yake kafa teburinsa, a nan mai ƙosai take ɗora kaskonta, a nan yara suke tsallakawa zuwa islamiyya, a nan ake ɗaure amalanke ranar kasuwa. Duk tseren da aka fara a daji, a cikin mutane yake ƙarewa.

Waɗanda suka ga lokacin rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun san yadda guje-guje suka yawaita a garuruwan bakin iyaka. Kuma ba mu manta da Jibiya ba. A watan Agustan 2021 motar sintiri ta kwastam ta afka wa jama'a a bakin titi a garin, aka rasa rayuka da dama. Mutanen gari suka ce masu fasa-ƙwauri ake bi, hukumar ta ce birki ne ya tsinke. Ko wanne ne gaskiya, waɗanda aka yi wa sallar jana'iza ba su ɗauko buhun kowa ba. Allah ya jiƙansu.

Amurka na cikin ƙasashen da ke ajiye lissafin irin wannan mutuwa. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'arsu ya nuna cewa daga 1996 zuwa 2015, kimanin mutum 355 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran da suka biyo bayan tseren 'yan sanda. Jaridar USA Today ta yi nata binciken a 2015, ta gano cewa tun daga 1979 sama da mutum 5,000 da suka mutu a irin wannan hali fasinjoji ne ko masu wucewa kawai. Wannan a ƙasar da ke da tituna masu faɗi da motocin asibiti a shirye ke nan. Jinin da aka zubar ne ya sa suka shiga neman hanyar tsayar da mota ba tare da an kore ta ba.

Dabara mafi tsufa kowa a nan ya san ta, ita ce katako mai ƙusoshi. Turawa sun gyara ta: ƙusoshinsu na da rami a ciki, suna maƙalewa a taya su riƙa fitar da iska a hankali, domin kada tayar ta fashe lokaci guda motar ta wuntsila. Namu na bakin shinge ba haka yake ba, shi ya sa yake kifar da mota. Akwai wata raga da ake kira Grappler, da motar 'yan sanda ke zura wa tayar bayan motar da ke gudu ta naɗe ta. Akwai StarChase, wata 'yar na'ura mai danƙo da ake harbawa daga gaban motar 'yan sanda ta manne a bayan motar da ke gudu, sai jami'an su ja da baya su riƙa kallon inda ta nufa a kan taswira. A 2013 kuma wani kamfanin Ingila mai suna e2v ya nuna wata na'ura da ke watsa igiyar rediyo mai ƙarfi, ta rikita ƙwaƙwalwar mota har injin ya mutu. Ita wannan tana da nauyi, sai an matso kusa, ba ta tantance motar ɓarawo da ta maƙwabcinsa a titi, kuma tsohuwar motar da ba ta dogara da kwamfuta ba ba lallai ta ji ta ba. Ba na jin za mu gan ta a hanyar Roni nan kusa, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba.

Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ta kamfanin General Motors, mai suna OnStar, wadda ake haɗa ta a cikin motar tun daga masana'anta. A watan Oktoban 2009, a garin Visalia na jihar Kalifoniya, aka ƙwace wata Chevrolet Tahoe da bindiga. Mai motar ya kai ƙara. Kamfanin ya gano inda take ta tauraron ɗan'adam ya faɗa wa 'yan sanda. Da suka hango ta, suka tabbatar ita ce, suka ga hanya ba cunkoso, sai aka aika saƙo. Totur ya daina amsawa, motar ta riƙa rage gudu har ta tsaya, aka kama mutumin ba tare da an take kowa ba. Ku lura da abu biyu. Na farko, mai motar ne ya fara neman a yi, ba hukuma ce ta yi gaban kanta ba. Na biyu, ba kashe injin aka yi ba. An bar shi yana aiki a ƙasa-ƙasa, domin birki da sitiyari su ci gaba da amsawa.

Wannan na biyun nake so direbobi su taya ni bayyana wa sauran jama'a, domin sun fi ni saninsa. Ka ɗauka kana cikin Sharon ko Golf, ka cika ta da fasinja, kana kan kilomita 100 a awa, ga kwana a gabanka, sai inji ya mutu. Nan take sitiyari zai yi nauyi, domin famfon da ke sauƙaƙa shi da inji yake juyawa. Birki zai amsa maka sau ɗaya ko biyu da ragowar iskar da ke cikin tukunyarsa, daga nan ya ƙage, ka taka da dukkan ƙarfinka motar tana tafiya. In akwai tirela a bayanka, ba ta san abin da ya same ka ba. A kan babur kuwa, da yawa daga cikin waɗanda muke hawa fitilarsu daga inji take samun wuta kai tsaye. Inji ya mutu da dare, fitila ta ɗauke, ga goyo biyu a baya, ga yashi a gefen hanya. Kuma an ga sakamakon irin wannan a zahiri. A 2014 shi wannan kamfani na General Motors ya janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda makullinsu na juyawa da kansa ana cikin tafiya, inji ya mutu, jakar iskar kariya ta ƙi buɗewa. An biya diyyar mutum 124 da suka rasu. Duk wanda ya ce muku kashe inji a guje abu ne mai sauƙi, bai taɓa riƙe sitiyarin da ya mutu ba.

To mu dawo gida, domin wannan fasaha ta riga ta iso mana, ba ta hannun 'yan sanda ba, ta hannun masu wayarin mota. Ita ce tiraka. Wanda ya taɓa tsayawa a gareji ana saka ta ya ga yadda abin yake. Na'urar ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Mai wayarin zai kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ko ya ɗaga kujerar baya, ya nemo wayar da ke kai wuta ga famfon mai, ya yanke ta, ya saka wani ɗan makunni a tsakani. Sai ya zura layin waya a cikin na'urar, ya naɗe ta da baƙin salatif ya tura ta cikin tarin wayoyi yadda ido ba zai kai ba. Daga ranar, in ka aika saƙo daga wayarka za ta turo maka inda motar take. In ka aika wani saƙon, makunnin ya buɗe, famfo ya tsaya, mai ya daina isa inji. Masu ba da Adaidaita Sahu da babura a kan biyan kuɗi kaɗan-kaɗan sun daɗe da gane amfaninta. Masu kyau daga cikin waɗannan na'urori ba sa yanke mai sai gudun mota ya sauko ƙasa da kilomita 20 a awa. Masu arha kuwa, ko waɗanda ba a saita su daidai ba, ko a tsakiyar kwana suka sami saƙo yankewa za su yi. Kafin ka biya, ka tambayi mai sakawa wace iri ce ya saka maka, ka kuma sa ya gwada a fili a gabanka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ƙofar da aka buɗe domin a tsayar da ɓarawo, duk wanda ya sami makullinta zai iya shiga. A 2010, a birnin Austin na jihar Texas, wani ma'aikaci da aka sallama daga wani kamfanin sayar da motoci ya shiga na'urar kamfanin ta intanet, ya hana motoci sama da 100 tashi ko ya sa ƙahonsu ya yi ta ƙara. Mutum ɗaya ne, da fushi, da lambar sirrin wani abokin aikinsa. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka nuna cewa daga ɗakinsu za su iya sarrafa wata Jeep Cherokee tana tafiya a babban titi, abin da ya sa kamfanin da ke ƙera ta ya janye motoci miliyan 1.4. A 2022 kuma kamfanin tsaron intanet na BitSight ya bankaɗo cewa wata tiraka mai arha ƙirar MiCODUS na zuwa da lambar sirri 123456, kuma wanda ya san hanya zai iya yanke man motar da ba tasa ba. A lokacin, kamfanin da ke ƙera ta yana da na'urori kusan miliyan 1.5 a ƙasashe 169. Irin waɗannan masu arha suna nan a kasuwanninmu.

Ku ɗora wannan a kan halin da Arewa maso Yamma ke ciki. A yau mai garkuwa da mutane sai ya fito titi ya jefa itace, ya yi kasadar a gan shi. Ranar da zai iya sanin inda motar Alhaji take daga wayarsa, ya kashe ta a daidai dajin da ya zaɓa, mun sauƙaƙa masa aiki da kuɗinmu. Wannan ita ce neman gira a rasa ido. Haka kuma in aka ce kowace mota a ƙasar nan sai an saka mata makunnin da wani ofishi zai iya taɓawa, dole mu tambaya: wa ke zaune a ofishin da ƙarfe biyun dare? Wa zai hana a kashe motar ɗan adawa ranar taro, ko ta ɗan jarida, ko ta direban da ya ƙi miƙa na goro a shinge? Ba zargin jami'an da ke zaune a nan nake yi ba, na san akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, kuma su ma suna rasa rayukansu a wannan tsere. Amma doka ba a yin ta da zaton kowa nagari ne. Ko a Turai, da ƙungiyar Statewatch ta fallasa a farkon 2014 cewa wani kwamitin 'yan sandan Tarayyar Turai na nazarin a riƙa saka irin wannan na'ura a duk motar da za a sayar, an yi ta ce-ce-ku-ce, kuma har yau ba ta zama doka ba. Mu ma muna da abin kafa hujja. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Inda motarka ta kwana da inda ta yini bayani ne a kanka, ba na kowa ba ne.

Akwai kuma iyakar da ƙasarmu ta gindaya wa na'urar. Tiraka da sabis take rayuwa. Kowa ya san ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun layi. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A tsawon wannan lokaci duk wata tiraka da ke yankin ta zama kurma, a daidai wurin da aka fi bukatarta. Motar da ta tsallaka Babban Mutum kuwa ta fita daga layin Najeriya, in ba an buɗe wa layin damar aiki a waje ba. Sannan yawancin laifin da ke damun ƙauyukanmu a kan babur ake yinsa. Babur mai kafireta da ake tayarwa da ƙafa wayoyinsa 'yan kaɗan ne, yaron gareji ma zai gano inda aka yanke ya haɗe. Na'urar za ta taimaka wa mai babur ya gano nasa in an sace, musamman a awannin farko kafin a kwance shi. Amma ba za ta tsayar da ayarin 'yan bindiga ba, kada wani ɗan kwangila ya zo ya sayar wa gwamnati da wannan mafarki.

Me ya rage mana ke nan? Abu mafi amfani a wannan fasaha, a ganina, shi ne sanin inda motar take. In ka san inda take, ba ka da dalilin korar ta. Mutumin da ake bi da jiniya ba ya ganin yaro, ba ya ganin kwana, madubi kawai yake kallo. In ya ga an daina bin sa zai sassauta, zai tsaya shan mai, zai shiga wani gida. A nan ake kashe motar, tana tsaye ko tana tafiyar hawainiya, jami'ai na kusa. A 2023 cibiyar binciken shugabannin 'yan sandan Amurka, PERF, ta ba da shawarar kada a bi mota da gudu sai in an aikata laifin zubar da jini kuma barin mutumin zai jefa wasu cikin haɗari nan take. Malamanmu na fiƙihu sun riga su da ƙa'idar cewa ba a kawar da cuta da wadda ta fi ta girma, kuma tsare rai yana gaba da tsare dukiya. Buhun shinkafa, ko takardar mota da ta ƙare, ko ƙin tsayawa a shinge, babu wanda ya kai ran yarinya mai tallar gyaɗa. Wannan ƙa'ida ba ta bukatar kasafin kuɗi. Shugaban ofishin 'yan sanda na yanki zai iya kafa ta ga yaransa gobe da safe: a ɗauki lamba, a kira shingen gaba ta waya, kada a shiga gari da gudu. Ina roƙon iyayenmu masu sarauta su ɗauki maganar zuwa taron tsaro na ƙaramar hukuma, su nemi a haɗa da kwastam, domin su ma suna yin wannan tsere a yankin iyaka.

Direbobi, ku ma da naku. Wanda aka tsayar ya taka mai da fasinja goma a bayansa ya yi caca da rayukan da aka ba shi amana. In jami'i ya zalunce ka, ƙungiya na nan, kotu na nan. Ƙungiyar kuma za ta iya yin abin da gwamnati ba ta yi ba tukuna. Kowace tasha ta ajiye littafi: lambar mota, lambar inji, sunan mai ita, ko tana da tiraka, da mutum biyu da aka yarda su ba da izinin kashe ta. In an sace, mai mota ya kai rahoto, a rubuta lokaci, a rubuta jami'in da ya karɓa, sannan a aika saƙo, kuma sai motar ta sassauta. Rundunar 'yan sanda tana da rajistar motoci ta intanet, wadda aka so tilasta ta a Yulin 2024 kafin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da tilastawar bayan koke-koken jama'a. Ko da ita ko babu ita, littafin tasha zai yi aiki a Karkarna ranar da sabis ya ɗauke. Wanda kuma ya riga ya saka tiraka, yau in ya koma gida ya canza lambar sirrin da aka ba shi da ita. Ya tambayi mai wayarin ko lambar wayarsa tana cikin masu iko da na'urar, in tana ciki a cire. Wanda ya sayi mota ta hannu, ya sa a duba masa ko tsohon mai ita ya bar tasa a ciki.

Ƙannena ɗalibai, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da na cibiyar koyon fasahar sadarwa da ke Kazaure, ga aikin kammala karatu a gabanku wanda mutanenku ke bukata. Ku sayo irin tirakar da ake sayarwa a Kano, ku saka a babur da tsohuwar Golf, ku gwada a fili mara jama'a. Ku gano wacce ke yanke mai a guje da wacce ke jira, wacce ke karɓar saƙo daga kowace lamba, da wacce ke yin ƙara a wayar mai ita in an cire mata waya. Ku bi hanyar Kazaure zuwa Gwiwa, da ta 'Yankwashi zuwa Ɓaɓura, ku zana taswirar inda sabis ke ɗaukewa a kowane layi. Ku rubuta sakamakon da Hausa a takarda ɗaya, ku kai wa shugaban tasha da ofishin 'yan sanda, ku liƙa kwafi a kowane gareji.

Ranka ya daɗe shugaban taro, a nan zan dakata domin a ba direbobi da jami'ai dama su yi tambaya ko su yi gyara.